Rumbun Yayana

Tsohon gero yana da wani wari nasa, kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Jikata ta kwance wani buhu a nan Gusau kwanan baya, ta yamutsa fuska ta ce a ba kaji. Ni kuwa sai na ji ni a gindin dutsen Kwatarkwashi, ina 'yar shekara bakwai, tun jirgin ƙasa bai iso garin nan ba.

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma in gaya maka gaskiya, fitinanne ne. Ya taɓa kwance jakin liman ya hau har kasuwar Tsafe, ya dawo a ƙasa, ya ce jakin ne ya ƙi biyo shi. Mu yara muna sonsa kamar me, manya kuwa sun gaji da zuwa ba da haƙuri. Abin da ya ƙure shi ne ranar da ya sa wuta a ramin gafiya, iska ta kwashe ta, ta cinye dammunan dawar maƙwabcinmu ƙurmus.

A lokacin akwai wani madugu da ke bi ƙauye ƙauye yana karɓar samarin da suka gagari iyayensu. Gabas yake kai su, ƙasar Sudan, inda aka ce akwai manyan gonakin auduga da ake ba ruwan kogi. Yaro zai koyi aiki a hannun masu gona, in ya natsu ya wuce Makka. Baba ya damƙa masa yayana da safe, a gaban kowa.

"Tahi," in ji Baba. "Tun da anka haihe ka ba ka taɓa sa ƙwaya guda bakin kowa ba gidan ga."

Inna ba ta fito ba, don kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta yi kuka a idon mutane ba. Kaka ce ta bi su har bakin rafi tana zagin madugu da Baba gaba ɗaya.

Kowane saurayi a gidan gandu yana da gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, kuma abin da ta ba da nasa ne, ko uba ba ya taɓawa sai da izininsa. Ta yayana ciyawa ce kawai a cikinta. Da ruwa ya sauka, sai muka ga Baba, bayan an tashi daga gandu, ya saɓa fartanya ya nufi can shi kaɗai. Da kaka ta yi, ya gina ɗan rumbu a bayan ɗakinsa ya zuba geron, ya rufe. Haka ya yi shekara biyar, ba labari, ba saƙo, shi kuma ko sau ɗaya bai ɗauko zancen yaron ba.

A ta shida fara ta sauka. Kafin damina ta zagayo rumbunanmu sun koma fayau, muna cin tafasa da dusa, ƙanena har ya daina kuka don ba ƙarfi. Rumbu ɗaya ya rage cike, kowa ya san wanne ne. Baba ya ƙi buɗewa, kuma sai da na girma na gane dalili. Kayan mutum ba a raba su ba da saninsa ba sai in ya mutu. Buɗe rumbun nan, a wurin Baba, daidai yake da ya ce ɗansa ba ya duniya.

Kaka ce ta tare shi da hantsi, ta ɗauko ƙanena ta ajiye masa a gabansa.

"Ka kori guda da bakinka," ta ce. "Wanga kuma da mi zaka koran shi, da yunwa?"

Baba ya dubi yaron. Sannan ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga murfin, warin nan ya cika tsakar gida. Ya riƙa miƙo wa Inna zangarniya. Da aka dama kunu aka zuba, ya zauna a cikinmu, abin da bai taɓa yi ba.

"Ku sha, hatsin yayanku na," ya ce. "Bana shi yac ciyad da gidan ga."

Duk mun san gumin wa ke cikin geron nan, amma muka ɗauki ludayi muka sha. Inna ta juya mana baya, kafaɗunta na motsi.

Yayana bai dawo ba, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Yanzu yaro in ya tafi nesa, kafin rana ta faɗi an ji muryarsa a waya, uba in ya yi kuskuren magana yana iya janye ta. Baba shekara shida yana janye tasa da fartanya, wanda aka yi dominsa bai taɓa ji ba.

Na ce wa jikata ta bar kaji su nemi nasu, ta surfa geron nan ta dama mini kunu.