Inna a Gindin Mangwaro

Ina ofis da rana tsaka sai ga kiran mahaifiyata: "Ɗan nan, direba ya sauke ni, amma fa ban ga mangwaron ba."

Nan take na bar ofis na kama hanya. Inna daga ƙauye ta taso, ga hawan jini, kuma ba ta san kowa a Kubwa ba sai ni. Kwatance ɗaya nake yi mata kullum: ta sauka a gindin babban mangwaron bakin titinmu, ta zauna a inuwa har in zo. Da safe na wuce shi yana tsaye, da jan fenti a jikinsa. Ashe yau masu faɗaɗa titi za su sare shi.

Duk hanya addu'a nake yi. Da na iso, babu mai shayi, babu 'yan acaɓa, sai ƙura da ƙarar katafila. Can na hango ta zaune kan kututture, zufa ta jiƙa mayafinta.

"Haba Inna, cikin wannan ranar? Me ya hana ki neman inuwa?"

Ta waiga dama, ta waiga hagu. "A ina? Ai gindin mangwaro ka ce. Ga gindin, shi suka bar mini."

Alhamdulillahi, ta sha ruwa ta farfaɗo. Amma a hanyar gida na lura, duk itatuwan da suka rage a layinmu an shafa musu jan fentin nan.

Jama'a, ku a unguwarku, akwai sauran inuwar da tsohuwa za ta jira ɗanta?