Ranar da Injin Baba Ya Tashi a Lahadi

Jiya na ji ƙarar injin niƙa, sai Baba ya faɗo mini a rai. Injinsa na Kalgo ba ya tashi ranar Lahadi, ko don ƙaninsa.

Wata Lahadi mun shirya za mu coci, maƙwabcinmu ya yi sallama da buhun gero, ido jajur. Matarsa ta rasu, 'yan gaisuwa sun taso daga Gwandu, gida ba gari.

Mama ta damƙe makullin ɗakin injin. "Maigida, yau ranar Ubangiji ce."

Baba ya tuɓe babbar riga, ya miƙa hannu.

"Kawo. Yau a nan zan yi sujada."

Ya tayar da injin, gari ya yi masa fari fat har gira.

Ubangiji ya ba ka Lahadin da ba ta ƙarewa, Baba.