Mintunan Kawu na Ƙarshen Wata

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran fanka ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne, fankoki rataye ta ko'ina, wata ba fiffike, wata ba wuya, shi kuwa yana tsakiyarsu gumi na tsiyaya, don ba ya kunna ko ɗaya sai in gwaji zai yi. Ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwani. Ba rowa gare shi ba. Ganin abu ya tafi a banza ne ke sa masa ciwon kai.

To irin wannan mutumin ne Allah ya haɗa da wani tsarin waya mai sauƙi. Ka sa kati sau ɗaya a farkon wata, su jibga maka mintuna na kyauta, amma ba sa aiki sai tsakanin masu layi iri ɗaya, kuma abin da ya rage ranar ƙarshen wata ya bi ruwa. Wannan bin ruwan ne ya hana Kawu sakat.

Farkon wata magana a gutsure yake yinta, sallama ma rabi. Da wata ya karkata sai ya rikiɗe. Ya kira mai kawo masa kayan gyara, ya kira tsohon maigidansa da kunnensa ya yi nauyi, ya kira duk wanda ya taɓa yi wa aiki don ya ji ko fankar na juyawa. Mu 'ya'yan dangi mun gane shi sarai, in waya ta yi ƙara a irin ranakun sai mutum ya nemi kujera tukuna. Ya taɓa kama ni ina kan layi a banki, yana koya mini yadda ake gane fankar da ta kusa ƙonewa ta wari.

Na ce, "Kawu, an zo kaina."

Ya ce, "Ki ce su jira, kyauta ne!"

Mutum ɗaya ce ba ya kira, ita ce Mama, ƙanwar da ya goya a bayansa. Shekarun baya ya gyara mata fanka, fankar ta yi tartsatsi ta cinye mata labulen falo. Mama ta faɗa a gaban baƙi cewa yayanta ba gyara ya iya ba, ƙarasawa ya iya. Kowa ya yi dariya ban da shi. Tun daga ranar magana ta mutu a tsakaninsu. In an taɓa shi da zancen sai ya ce, "Ni ban riƙe ta da komai ba. Layinta daban ne. So kuke in ƙona kuɗi?"

Mama kuma ta ce ita ba ta da lokacin mai dogon fushi. Ƙarya take. Duk ƙarshen wata, da ta ji na ce "Na'am, Kawu," sai ta ɗauko tsintsiya ta hau sharar ƙofar ɗakina, wurin da ko ƙura babu. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Mutum biyu da furfura, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Rannan sai ga Mama ta dawo daga kasuwa da sabon layi, irin na Kawu. Wai tsohon ba ya kamawa a ɗakin girki. Ɗakin girkin da take wuni tana waya a ciki! Na danne dariyata na ce lallai kam, ya kamata.

Aka yi dace watan nan mura ta shaƙe wa Kawu murya, mintuna suka taru masa fal, bai warke ba sai ana gobe wata zai ƙare. Da na isa shagon washegari da hantsi, na tarar da shi yana safa da marwa tsakanin fankoki, waya a kunne, ido jajur.

Ya ce, "Sun kashe wayoyinsu! Dukansu! Har kurman nan, ko wa ya koya masa? Zauna in kira ki."

"Kawu, ga ni a gabanka."

"To fita waje mana!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na samu numfashi na ce, "Akwai wadda ta dawo layinka, kuma wayarta a kunne take. Mama."

Ya ɗauki sukundireba ya kwance wani noti, ya ɗaure, ya sake kwancewa. Na zuba masa ido, don na san in ya ce a'a yau, ba sauran wani uzuri da za a ɓuya a bayansa, fushi ne tsagwaronsa.

Can ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. "Sa lambar. Ba don ita ba, don kada kamfani ya ci bulus ne."

Ko gama ƙarar farko ba ta yi ba aka ɗauka.

"Auta, ni ne. Mintuna ne suka yi mini yawa."

Na jiyo muryar Mama tana cewa, "To Yaya, juye su nan."

Da labule suka fara. Ya ce wayar wutar gidanta ce ruɓaɓɓiya, ta ce hannunsa ne. Suka yi ta musu, sai ga shi yana ƙyalƙyala dariya har da buga tebur. Masu kawo gyara suka zo, ya kore su da hannu. Daga nan hira ta gangara kan mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, sai ya juya ya fuskanci bango yana goge fuska da tsumman aiki, duk baƙin mai ya shafe masa kumatu. Ni ma na kasa riƙe nawa hawayen.

Rana ta take tsaka suna abu ɗaya, sai wayar ta yi ɗif. Mintuna sun ƙare. Na zaci zai yi murnar ya cinye kayansa tas. Sai ya hau laluben aljihu.

"Ruga ki sayo mini kati."

"Kawu, yanzu fa kowane minti da kuɗinsa."

Ya ce, "Na sani! Yi sauri, tana tsakiyar magana ne."