Sa Hannun da Na Yi wa Baban Ɓeraye

Shekara goma sha tara Baban Ɓeraye ya yi yana wanke kejin dabbobi a cibiyar binciken da nake aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da garin katakon da ake shimfiɗa wa dabbobi a aljihun rigarsa. Ƙarfe shida da rabi yake isowa. Ya san uwar ɓerayen da ke firgita idan an buga ƙofa, ya san zomon da ba ya shan ruwa sai an juya masa baya. Masu digiri lamba suke karantawa a jikin keji, shi fuska yake dubawa.

Ni ke riƙe da sito, ina raba safar hannu da takunkumi. Aku yake ce mini, kuma bai yi mini ƙarya ba.

Duk shekara ana tara mu a koya mana yadda za mu kare lafiyarmu wajen aiki da dabbobi. Ƙarfe takwas ake farawa, daidai lokacin ba su abinci.

"Aku, sa mini hannu a rajista," in ji shi. "Waɗannan bayin Allah ba su san taro ba, yunwa suka sani."

Na sa. Shekara takwas ina sawa, har na ƙware, ina ƙara wata 'yar lanƙwasa a ƙarshe wadda shi mai hannun bai iya ba.

Da rana sai ya leƙo sito. "Me aka ce?"

"An ce kada ka sumbaci ɓera. In ya cije ka kuma, ban da ramuwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya wuce. Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne wanda malamar da ke koyar da mu ke nanatawa: ƙurar garin katakon da fitsari ya bushe a ciki tana shiga ƙirji, duk wanda ya fara atishawa da jan ido a ɗakin dabbobi ya garzaya wurin likita kafin ta zama asma. Wannan ba ya ba da dariya, sai in bar shi a kan kujera in fito.

Atishawarsa kuwa har sito nake ji. Ina ƙirgawa da ƙarfi, in ta kai bakwai in ce ɓeraye ne ke gulmarsa. Takunkumin da na ba shi yana rataye a wuyansa kamar sarƙa.

Wata Talata aka same shi durƙushe tsakanin kejuna, numfashinsa na fita da shewa. Likita ya ce shi da ɗakin nan har abada.

Shugabar sashe ta kira mu ofis, ni a matsayin mai raba takunkumi. Ta ce, "Baba, in ba a taɓa horar da kai ba, laifinmu ne, za mu nema maka wani aiki a nan. In an horar da kai ka ƙi bi, sai sallama." Ta tura masa rajista. "Wannan hannunka ne?"

Ya dubi lanƙwasar nan. Ya dube ni. Dukanmu mun san mai sa hannun ƙarya ba ya kwana a bakin aiki, ya kuma san 'ya'yana biyar.

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar sai na tsaya ina nazarin fankar ofis.

Aka sallame shi. Yanzu yana gida, maganin shaƙa a aljihun da garin katako ke zama. Nakan je ranar Asabar. Matarsa takan ajiye mini ruwa ba tare da ta kalle ni ba. Ina jin ta sani. Shi kuwa zomo yake tambaya, ko sabon ma'aikacin yana juya masa baya.

Makon jiya ya ce, "Aku, bana me aka ce a taron?"

Na karanto masa duka, daga wanke hannu har zuwa atishawa, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe, ƙirjinsa na ɗan shewa.

"Ashe ka iya," in ji shi.