Malam Isyaku da wasiƙar shanun Baffa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan ƙanena ya kira ni daga Rogo, ya ce Malam Isyaku ya rasu.

Shi ya koya mana Turanci a sakandare, ƙarshen shekarun tamanin.

Ina aji uku ciwo ya shiga garken Baffa, mahaifina, a Jajaye. Likitan dabbobi na Karaye ya ba mu magani, amma shanun sai ƙara kwanciya suke, Baffa ya ce a daina ba su. Likitan ɗan Kudu ne, ba ya jin Hausa balle Fulatanci, ni aka sa in rubuta masa wasiƙa.

Na rubuta, "We stopped to give them the medicine." Har ina jin kaina, na kai wa Malam ya gani.

Ya karanta sau biyu, ya ce, "Buba, kun daina ba su ne, ko kun dakata da wani abu ne don ku ba su?"

Na ce mun daina.

"To akasin haka ka faɗa. Idan likitan ya karanta wannan zai zaci suna kan shan magani, ba zai yi saurin zuwa ba."

Ya sa na mayar da shi "stopped giving" da hannuna. Ya karɓi wasiƙar, ya hau kekensa har Karaye. Washegari likita ya zo ya canja magani. Shanu biyu muka rasa, sauran suka tashi.

Baffa ya aika wa Malam da ɗan maraƙi, ya mayar. Ƙwaryar nono kawai ya karɓa.

Daga nan duk Asabar ina zaurensa. Na taɓa tambayarsa me ya sa kalmar "enjoy" take ɗaukar "-ing", "want" kuma take ɗaukar "to". Ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka san halin kowace saniyarku? To haka za ka san halin kowace kalma, da zama da ita."

Bai taɓa yi wa kuskurena dariya a gaban aji ba, ko sau ɗaya.

Ganinmu na ƙarshe da Babbar Sallah ne. Idonsa ya tafi, da murya ya gane ni. Da zan tafi na so in burge shi, na ce, "Malam, I look forward to see you again."

Ya riƙe hannuna, ya ce, "Seeing, Buba. Seeing." Muka yi ta dariya har matarsa ta leƙo.

Yau shekarata ashirin da ɗoriya ina koyar da Turanci, kuma da misalansa nake shiga aji.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koya mana ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.