Inna Lailatu da Takunkumi Mai Taga

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Hajiya Lailatu Ɗanasabe Faru a gidanta da ke Talata Mafara, tana da shekara sittin da biyar, bayan doguwar jinyar ciwon suga. An yi mata sutura bayan azahar. Ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki, ta kuma bar ɗaruruwan yara daga Maradun zuwa Bakura waɗanda hannunta ne farkon abin da ya taɓa su a duniya.

Inna Lailatu, shekara bakwai na yi a ƙarƙashinki a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Bakura, ke babbar ungozoma, ni ma'aikaciyar jinya sabuwar fitowa daga makaranta, kaina cike da littafi. Sunana Khadija, amma ban taɓa jin sa a bakinki ba. Dije Sarkin Doka kike ce mini, har masu zuwa awo suka ɗauka sunan yanka ne. Alherinki ba ya ƙirguwa. Mata nawa kika kwance wa zanenki saboda sun zo haihuwa hannu rabbana? Sau nawa kika dama kunun kanwa a gida kika kawo wa mai jego da ba ki san ko sunan garinsu ba? Wasu za su faɗi waɗannan. Ni gardamar da muka yi zan faɗa, don a cikinta na san ko ke wace ce.

Shekarar korona ce. Gari ya rabu a kan takunkumin fuska. Wasu suna cewa cutar masu hawa jirgi ce, wasu suna rataye shi a haɓa kamar gemu, wani direba kuma na gan shi da guda ɗaya yana ara wa fasinjoji bi da bi. A asibiti ni aka ɗora wa tabbatar da kowa ya rufe baki da hanci, na kuwa riƙe aikin da hannu biyu. Ko ke sai da na tare a ƙofa.

Ana cikin haka Umma ta zo daga Damri, mijinta Misbahu ya ɗauko ta a babur. Sanƙarau ne ya kashe mata kunne tun tana 'yar shekara tara. Tana magana, amma ba ta ji, sai dai ta kalli leɓen mutum ta gane abin da yake faɗi. Ciki biyu ta haifa a gida, duka ba su zo da rai ba, ga na uku ya kai wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Ta shigo ta tarar da mu duka fuska a rufe. Muna ta yi mata bayani, ita kuwa idanu kawai take gani suna zazzaro mata. Ta miƙe ta fita tana kuka, ta ce wa mijinta ba za ta sake dawowa ba, gara ta haihu a ɗakinta. Ni da ke mun san abin da hakan yake nufi ga mace mai irin wannan jini.

Kika bi ta har gindin darbejiya, kika sauke takunkuminki, kika yi mata magana. Na gani daga taga, raina ya ɓaci. Da kika dawo na faɗa miki a gaban kowa cewa ke ce mai suga, ke ce mai shekaru, idan cutar ta kama wani a cikinmu ke za ta fara kayarwa. Kika ce to, ai an kawo mana garkuwar fuska, wato wannan faffaɗar roba mai kama da gilashi da ake ɗaurawa a goshi, da ita za ki riƙa ganin Umma. Na ce garkuwar a buɗe take ta ƙasa da gefe, numfashi yana shiga yana fita, an yi ta ne don a ɗora a kan takunkumi, ba don ta maye gurbinsa ba. Kwana uku muna wannan. Ma'aikata suka rabu biyu, har mai shara ta zaɓi ɓangare.

A rana ta huɗu kika kira ni ofis. Na shiga da shirin faɗa, sai kika ce:

"Dije, na yi tunani. Gaskiya taki ta, garkuwar ga ba ta isa ba. Amma ni ma ina da tawa. Ɗiyar mutane ba ta ji sai da ido, mu ko mun rufe mata. In munka tsare kanmu ta mutu gida, mi munka yi?"

Ban taɓa ganin babba ya ce wa ƙarami ya fi shi gaskiya ba, kuma bai sauka daga tasa ba.

Ranar Talata kika shiga kasuwar Mafara kika sayo yadi da roba mai kauri, irin wadda muke saka katin awo a ciki. Kika zauna a tsohon kekenki na ɗinki, kika yanke tsakiyar takunkumi, kika ɗinka robar daidai baki. Na farko ya yage. Na biyu da kika yi magana sai tururi ya rufe shi, muka yi dariya har da riƙe ciki. A na uku kika goga busasshen sabulu a robar kika share, sai ga haƙoranki tas. Kika miƙo mini kika ce Sarkin Doka ta duba. Na juya shi, na hura, na laluba gefensa, ban ga aibu ko ɗaya ba. Na ce a ɗinka mini nawa.

Ke da kanki kika hau babur zuwa Damri da takunkumin a fuskarki. Umma ta dawo awo, ba ta sake fashi ba. Naƙuda ta kama ta da rana tsaka cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Haihuwar ta yi wuya. Ina riƙe da hannunta, ke kuma kin sunkuya daidai idonta kina cewa, "Yi nishi. Tsaya. Yanzu kuma." Idonta bai bar bakinki ba ko sau ɗaya. Da jaririyar ta tsanyara kuka, Umma ba ta ji ba, a bakinki ta gani. Kika ce mata, "Tana da rai." Sai da kika maimaita sau uku kafin ta yarda. Yarinyar nan sunanki aka sa mata, kuma ina alfahari har gobe cewa ina cikin ɗakin.

Misbahu ya gaya mini a wurin zaman makoki cewa da labarin rasuwarki ya isa Damri, ya kasa fuskantar matarsa. Umma tana da alamar da take kiran kowa da ita, taki kuwa ita ce ta zana 'yar taga da yatsa a kan bakinta. Takwararki, wadda ba ta cika shekara biyar ba, ita ta je gaban uwarta ta zana tagar, sannan ta nuna ƙasa. Umma ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta ɗauko takunkumin da kika ba ta ranar suna, ta zauna da shi a cinya har la'asar.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowane kukan jariri da kika fara ji ya zame miki shaida ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da dangi na Faru da Maradun, da abokan aikinmu na Bakura da Talata Mafara. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu zuwan.

Saura Umma, wadda ba za ta ji wannan a bakin kowa ba. Ranar Juma'a zan je Damri in zauna daidai idonta, in karanta mata shi a hankali, kalma bayan kalma, yadda kika koya mini.