Waƙar Gwaggo a Kan Jita

Jitar ta wani ɗan bautar ƙasa ce da ya koyar tare da mu a makarantar Kibiya. Da zai tafi ya bar min ita. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kiɗan biki ya yi sanyi a garuruwanmu, don haka gona nake tafiya da ita bayan la'asar, in zauna gindin tsamiya ina taɓawa a hankali.

Waƙa ɗaya nake so in fitar, wadda gwaggona, yayar mahaifina, take yi tana surfe tun ina yaro a Rano. Amshinta: "Ruwa ya janye, kai ba ka zo ba." Gwaggo ta ce wata mata ce ta fara yin ta, mijinta ya tafi fatauci da jakuna, ya ce zai dawo da zarar rafuka sun ƙafe. Kowace kaka sai ta hau dutse tana duban hanya, har ta yi furfura.

Wata rana wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Durba ta ajiye ƙwaryar nononta a inuwar da nake, ta saurara.

"Malam, wannan ai tamu ce," in ji ta. "Kakata da Fillanci take yin ta. Saniya ce ambaliya ta raba da garke, mai ita take kiran ta."

Ta rera min. Muryarta siririya, tana ja kamar hayaƙin tukuba. Na rufe ido, sai na ga mata biyun, matar farken da mai saniyar, tsaye a gaɓa ɗaya, kowacce tana duban tsallake. A nan na ji inda yatsuna suke kuskure. Na sassauta tsirkiya guda ta yi ƙasa, na bar sauran, na riƙa kaɗa biyu kawai kamar mai garaya.

Ranar Juma'a na ɗaure jitar a bayan babur na kai wa Gwaggo. Tana tsintar wake a faifai na kaɗa mata. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Ka yi sauri, ɗan nan. Sake."

Na sake, a hankali. A zagaye na biyu ta shigo da murya, har da wani baiti da ban taɓa ji ba, na ranar da jakin mutumin ya dawo gida shi kaɗai. Na ba ta labarin saniyar. Ta yi dariya, ta ce in na ƙara ganin tsohuwar in gaishe ta.